Allurar Maciji Tana Kaura, Shafina Bai Iya Faɗa Ba

Zuwa ga Shugaban Gidauniyar Magani a Kusa,
ta hannun Shugaban Sashen Kwamfuta na Gidauniyar.

Yallaɓai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Allah ya saka muku da alheri kan allurar dafin maciji da kuke kai wa ɗakunan shan magani na yankinmu kyauta. Na fara da godiya domin kun cancance ta, kuma domin abin da zai biyo baya ba mai daɗin ji ba ne.

Sunana Lubabatu. Ina koyar da kwamfuta a wata sakandaren 'yan mata a Kaura Namoda, shekara goma sha ɗaya ke nan. Asalinmu wani ƙauye ne a gefen Dauran, a can 'yan'uwana suke noma har yau. Ni ba mai rubuce-rubuce a bainar jama'a ba ce. Na rubuto muku sau goma sha huɗu ta hanyoyin da ku da kanku kuka ce a bi, na buga waya, na taka har ofishinku na Gusau. Yau shekara ɗaya da wata uku ina neman abu ɗaya, kuma na gaji. Shi ya sa na buɗe wannan wasiƙar kowa ya karanta, ko a dace wani wanda kake jin maganarsa ya kai maka ita.

Na ɗaya: yadda abin ya fara.

Ka san ƙasarmu ƙasar kububuwa ce. Da an fara yankan gero har a gama kwasar kara, ba a rasa labarin wanda ta sara. Ka kuma san halin da hanyoyinmu suke ciki. Mai babur ba ya bin hanyar Zurmi ko ta Shinkafi bayan la'asar, ko da kuwa uwarsa ce ba lafiya. Saboda haka wanda maciji ya sara a gona tafiya ɗaya ce rak yake da ita a wuni. In aka kai shi inda babu allura, to sai gobe.

Gidauniyarku ta yi abin kirki da take rubuta yawan kwalaben da suka rage a kowane ɗakin magani a shafinta na intanet. Matsalar shafin ita ce nauyi. Akwai taswira, akwai hotuna, komai kuma da Turanci. A kwamfutar makarantarmu yana buɗewa. A wayar ɗan kabu-kabu da ke tsaye bakin titin Dauran da sabis sanda ɗaya, sai dai ya yi ta juyawa har data ta ƙare.

Shekara uku da suka wuce, a hutun ƙarshen zango, na zauna na duba yadda shafin naku yake aiki. Sai na ga lambobin ba a jikinsa suke ba, yana ɗauko su ne daga wata ƙofar bayanai, wadda injiniyoyinku suke kira API. Na kuma ga kun rubuta da kanku cewa ƙofar a buɗe take ga jama'a, kowa na iya amfani da ita. Sai na rubuta wani ɗan shafi nawa, kod ɗinsa, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, bai kai layi saba'in ba, na ɗora shi a wani wurin ajiye shafuka na kyauta. Ba hoto, ba taswira. Sunan gari da Hausa, sai ɗigo kore in akwai allura, ja in babu, sai yawan kwalabe da ranar da aka yi lissafin ƙarshe. Ban ajiye lambobinku a wurina ba. Duk lokacin da mutum ya buɗe, wayarsa ce take tambayar ƙofarku kai tsaye, ta nuna masa abin da kuka ce.

Na nuna wa Malam Shehu, wani ɗan kabu-kabu ɗan ƙauyenmu da ke jigila tsakanin Dauran da Kaura. Shi ya nuna wa abokan sana'arsa. Kafin kaka ta wuce, masu babur na Kasuwar Daji da na Gurbin Bore sun ajiye shi a fuskar wayoyinsu. Suna kiransa allon Malama. Wanda bai iya karatun boko ba ya san kore, ya san ja, ya kuma haddace cewa layin farko Kaura ne, na biyu Zurmi, na uku Shinkafi. Kaka biyu aka yi a haka.

Kun san da shi, Yallaɓai. Jami'anku biyu sun zo makarantarmu, suka ɗauke ni hoto riƙe da waya, suka sa hoton a rahotonku na shekara, a shafin da kuke nuna yadda al'umma ke cin moriyar bayananku. An aiko mini da kwafi ɗaya. Yana nan a akwatina.

Na biyu: abin da ya lalace.

A farkon daminar bara kuka ba wani sabon kamfani aikin shafinku. Suka yi sabo, ya fi na da kyau, har da bidiyo a fuskarsa, ya kuma ninka na da nauyi. Washegarin ranar da aka buɗe shi, shafina ya daina nuna komai. Ɗalibaina ne ma suka fara gaya mini.

Zan bayyana abin a sauƙaƙe, domin na lura duk wanda na yi wa bayani a ofishinku yana ɗauka wani babban aiki nake nema. Burauza, wato manhajar da ake buɗe shafuka da ita a waya, tana da wata doka. In shafin da ke wani adireshi ya nemi bayani daga wani adireshin daban, burauza tana aika tambayar, tana kuma karɓo amsar. Amma kafin ta miƙa wa shafin, sai ta duba saman amsar ko mai bayanin ya rubuta cewa ya yarda wani gida ya karanta. In ta ga wannan layin izini, ta miƙa. In ba ta gani ba, ta riƙe amsar ta yar. Injiniyoyi suna kiran wannan tsari CORS. Tsohon shafinku yana sa layin. Sabon ba ya sawa. Lambobin suna nan, ƙofar tana nan a adireshinta, tana amsawa kamar da. Layi ɗaya kawai aka bari a baya wurin ƙaura.

Ba ni da faɗa da dokar. Ni da kaina nake koya wa ɗalibaina amfaninta: ita ke hana shafin ɓarawo ya leƙa asusun bankin mutum ta cikin wayarsa. Amma an yi ta ne da hanyar da mai bayani zai ce wannan na kowa ne. Yawan kwalaben allura a firijin Zurmi ba sirrin kowa ba ne. Ku kuka buga shi don a gani.

Na uku: inda na fara bi.

A makon farko na aika saƙo ta adireshin da kuka sa don koke. Na'ura ta amsa mini nan take, ta ba ni lamba, ta ce za a tuntuɓe ni cikin kwana biyu na aiki. Na jira mako biyu na sake aikawa, aka ba ni wata lambar. Na uku na haɗa da hoton jan rubutun da burauza take fitarwa, na ja layi a ƙarƙashin wurin da ta faɗi sunan abin da ya ɓata. Aka ba ni lamba ta uku.

Sai na buga waya. Wata baiwar Allah mai ladabi ta ɗauka, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in kashe wayata in kunna, in kuma gwada da wata burauzar. Na ce mata na gode, amma matsalar ba a wayata take ba. Ta ce ta duba a gabanta, shafin gidauniya yana aiki lafiya lau. Gaskiya ta faɗa. A ofis mai wuta da intanet mai ƙarfi, lafiya lau yake.

Na bar shafina a kunne duk da haka. Na sa masa rubutu cewa bayani bai iso ba, amma na bar shi yana ci gaba da tambayar ƙofarku duk lokacin da aka buɗe, don ranar da kuka gyara ya farfaɗo da kansa. Na ɗauka maganar mako ɗaya ce ko biyu. Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai, ya nuna, ni kuwa ina ta tara lambobin koke.

Na huɗu: yayana.

Yaya Ummaru shi ne babba a ɗakinmu. Shi ya riƙe gonar mahaifinmu bayan rasuwarsa, shi ya tsaya kai da fata sai da aka bar ni na yi karatu mai zurfi lokacin da dangi suke ganin sakandare ta isa. Mutum ne marar yawan magana. In ya zo Kaura cin kasuwa yakan biyo gidana ya ajiye ɗan abin da ya kawo, ya sha ruwa a tsaye, ya ce hanya ba ta jira.

Wata Talata da hantsi, cikin yankan geron bara, ya sunkuya zai ɗaga dami, kububuwa ta sare shi a saman idon sawu. Mutanen da ke gonar kusa suka ɗaure ƙafar tamau da robar ɗaurin kaya, suka kira Malam Shehu. Ya zo, aka ɗora Yaya Ummaru a babur, wani ya zauna a baya ya riƙe shi, suka fito titin Dauran. Daga nan hanya biyu ce. Zurmi tana gefe ɗaya, Kaura tana ɗaya gefen.

Shehu ya tsaya ya buɗe shafina. Bayani bai iso ba. Ya gwada naku, yana ta juyawa. Ya kira ni sau bakwai. Ni kuwa ina ɗakin jarrabawa ina tsaron ɗalibai, wayata tana cikin jaka a ofishin malamai kamar yadda doka ta ce. Sai da aka tashi azahar na ga kiran, na ga kuma saƙon murya da ya bari. Har yau ban goge shi ba. Ana jin ƙarar babur, ana jin numfashin yayana a bayansa. Ya ce: "Malama, ki ɗauka don Allah. Ummaru na, maciji ya sare shi. Ga mu bakin titi. Allonki bai ce komi ba, babu kore babu ja. Ina za mu nuhwa, Zurmi ko Kaura?"

Da bai same ni ba, ya zaɓi Zurmi, domin rabonsa da ganin allon kore yake nunawa a can. Suka isa, aka ce allura ta ƙare kwana huɗu da suka wuce. Ma'aikatan wurin sun yi abin da za su iya, sun kwance robar, sun wanke wurin sarar, sun yi masa ƙarin ruwa. Kafin a gama wannan, a samo man babur, a yi shawara, rana ta karkata. An kuma yi maganar an ga mutanen daji da bindigoginsu a hanya da safiyar ranar. Babu wanda ya yarda ya fita. Na yi ta kira daga Kaura ina roƙon masu mota, kowa ya ce in yi haƙuri sai da safe. Ban ga laifinsu ba. Su ma suna da 'ya'ya.

Washegari da safe suka iso Kaura. Na tarbe su a ƙofar ɗakin maganin. Ƙafar ta kumbura har cinya, ta yi baƙi a wurin sarar, jini yana fita daga dasashinsa, yana tofarwa a wani tsumma yana ɓoyewa don kada in gani. Ma'aikaciyar wurin ta buɗe firiji a gabana. Kwalabe shida. Ta ce tun makon da ya wuce motarku ta kawo su, kuma ita da hannunta ta shigar da lissafin a shafinku ranar.

Yallaɓai, a nan nake so ka tsaya ka fahimci abin da ya hana ni sakewa tun daga ranar. Lokacin da Shehu ya danna shafina a bakin titi, wayarsa ta tambayi ƙofarku, ƙofarku kuma ta amsa. Amsar 'yar ƙarama ce, sabis sanda ɗaya ya ishe ta. Ta taho ta shiga cikin wayar da ke hannunsa, ɗauke da cewa Kaura shida, Zurmi babu. Burauza ta duba, ba ta ga layin izini ba, ta yar da ita. Amsar tana tafin hannunsa, aka hana shi gani.

An yi masa allurar, jinin ya tsaya, Allah ya bar mana shi. Amma ƙafar ba ta dawo ba. Aka tura mu Gusau, muka yi mako biyar, a ƙarshe likita ya ce in ana son ransa sai an cire daga ƙasan gwiwa. Yayana ne ya sa hannu a takardar da kansa.

Ba zan ce ku kuka yanke ƙafar yayana ba. Abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure. Likitan ma ya ce ɗaurin robar nan ya yi ɓarna sosai, kuma bai iya rantsewa cewa da an zo da wuri ƙafar za ta tsira ba. Ni ma ina da nawa kason: na san allon ya mutu, na san kaka ta zo, na zauna ina jiran amsar saƙo maimakon in nemi wata dabarar tun da wuri. Wannan ina ɗauke da shi. Abin da na sani tabbas shi ne an yi asarar wuni guda da kwana guda, kuma abin da ya jawo asarar ba ya ɗaukar injiniya minti goma.

Na biyar: abin da ya biyo baya.

Da muka dawo daga asibiti na ɗauki hutun kwana ɗaya na koma Gusau, wannan karon ofishinku. Na zauna a benci tun ƙarfe tara har aka kira azahar. Jami'in da ya gan ni ya yi mini jaje da gaske, har idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ce su a nan rabon magani kawai suke yi, shafi yana hannun hedikwata, hedikwata kuma ta ba kamfani. Ya ba ni lambar wani injiniya a kamfanin.

Injiniyan ya gane maganata tun kafin in ƙarasa, wanda hakan ya ɗan sanyaya mini rai, domin shi ne mutum na farko da ya gane. Amma ya ce sun rufe ne saboda tsaro, kada masu kutse su kwashe bayanai. Na ce masa, ranka ya daɗe, kai ma ka san wannan dokar burauza kaɗai ke bin ta. Duk mai kwamfuta da ya iya rubuta umarni layi ɗaya zai kwashe lambobin nan a yanzu haka ba tare da ya buɗe burauza ba, ni ma na gwada a makaranta, sun fito. Wanda kuka rufe wa ƙofa shi ne mai ƙaramar waya a bakin titi. Ya yi 'yar dariya ya ce gaskiya ne, amma shi ba zai taɓa komai ba sai gidauniya ta rubuto a hukumance, domin ba ya cikin yarjejeniyar aikinsu.

Na koma wa hedikwatarku. Aka ce in rubuto a takarda mai tambarin ƙungiyata, in haɗa da shaidar rajista. Na ce ba ni da ƙungiya, ni kaɗai ce da kwamfutar makaranta. Aka ce to in samo wata ƙungiya ta tsaya mini. Shugabar makarantarmu, Allah ya saka mata, ta rubuta a takardar makaranta ta buga hatimi. Aka ce an karɓa, za a gabatar a zaman kwamiti. Na tambaya bayan wata biyu, aka ce kwamitin bai zauna ba. Na tambaya bayan azumi, aka ce wanda takardar take hannunsa an canza masa wurin aiki, in sake aikowa. Na sake.

Injiniyan ya ba ni wata shawara a asirce: in sa wata kwamfuta a tsakani, ita ta riƙa ɗauko lambobin daga wurinku tana miƙa wa shafina, tunda ita dokar burauza ba ta hau kanta ba. Na san dabarar, na daɗe ina gudunta, amma na gwada. Na sami wani wuri na kyauta a intanet da ke yin wannan aiki. Ya yi kwana tara yana tafiya, masu babur har sun fara murna. A rana ta goma na lura yana nuna kore a Shinkafi, alhali shafinku yana cewa babu. Ashe ɗan tsakanin yana ajiye tsohuwar amsa yana maimaitawa in hanya ta yi masa nauyi. Na kashe shi a take. Allon da bai ce komai ba ya fi allon da zai tura mutum Shinkafi a banza. Ba ni da halin riƙe kwamfuta tawa mai kwana a kunne, a garin da wuta take zuwa lokacin da ta ga dama, kuma ba na so ran mutum ya rataya a kan wani abu da ni da ku duk ba mu san mai shi ba.

Na shida: yadda muke yi yanzu.

Kullum da safe nakan riga kowa zuwa makaranta. In hasken rana ya caja batir, in kunna kwamfuta, in jira shafinku ya gama nuna bidiyonsa, in kwafe lambobin a takarda, in karanta su da murya in tura wa zauren masu babur a waya. Kaura kaza, Zurmi kaza, Shinkafi kaza. Aikin da na'ura take yi cikin ƙiftawar ido, kowane lokaci, ga kowa, shi nake yi da baki sau ɗaya a wuni. In allura ta ƙare da hantsi, saƙona na safe ya zama ƙarya. Ran Asabar da Lahadi sai na roƙi mai gadi ya buɗe mini. Ranar da na kwanta zazzaɓi kwana uku, babu wanda ya san komai. Wasu masu babur sun daina saurara, sun koma tambayar juna. Wani ya tare ni a kasuwa ya ce, "Malama, da kin san abin ba mai ɗorewa ba na, da ba ki saba muna da shi ba."

Ina da aji shida da nake koyarwa, ina da 'ya'ya huɗu, ga yayana da matarsa sun dawo gidana da zama domin ya riƙa zuwa wankin ciwo da gwajin sanda. Maigidana bai taɓa yin ƙorafi ba, amma ina ganin yadda yake kallona in na fita tun gari bai gama wayewa ba. Ba zan iya ci gaba da haka har abada ba, kuma ba daidai ba ne lafiyar mutanen ƙananan hukumomi uku ta dogara da ko Lubabatu ta tashi lafiya.

Abin da nake roƙo.

Ɗaya. Ka rubuta wa kamfanin layi biyu da sa hannunka, ka umarce su su mayar da layin izini a ƙofar da ke ba da yawan kwalabe. Wannan ƙofar kaɗai. Ban nemi a buɗe inda ma'aikata ke shiga da kalmar sirri ba, ban nemi sunan majinyaci ko ɗaya ba, ban nemi ikon canza komai ba. Karantawa kawai. In kuna tsoron buɗe wa kowa, ku rubuta adireshin shafina shi kaɗai, yana cikin duk saƙonnin da na aiko.

Biyu. In kun ga ba ku son shafin wata malamar makaranta ya tsaya tsakaninku da jama'a, na yarda. Ku karɓi kod ɗin kyauta, ku ɗora a adireshinku, ku cire sunana. A can ba ya ma buƙatar izinin kowa. Sharaɗina ɗaya: kada a ƙara masa hoto ko taswira, a bar shi da Hausa, a bar kore da ja, a bar jerin garuruwan yadda masu babur suka haddace.

Uku. Duk ranar da za ku sake canza shafi, ku sa wani ya hau mota ya zo Dauran ko Gurbin Bore da ƙaramar waya ya gwada a bakin titi kafin ku biya kamfani.

Huɗu. In amsar a'a ce, ku faɗa mini a'a, da sunan mutum a ƙasa. Zan san na gama da wannan ƙofar in nemi wata. Lambar koke ta goma sha biyar ce ba na so.

Hoton nan nawa kuma, ina roƙo kada a sake sa shi a rahoto har sai allon ya dawo.

Kafin in aika wannan takarda na karanta wa Yaya Ummaru ita, domin da sunansa a ciki. Ya saurara har ƙarshe yana zaune a tabarma, sandarsa a gefe. Ya sa na cire wani sakin layi da ya ce ya yi zafi, ya ce mutanen da ke ba da magani kyauta ba a yi musu tsawa. Sannan ya sa matarsa ta ɗauko wasu dogayen takalman roba da na saya masa tun shekarun baya, waɗanda ba ya sawa domin ya ce suna dafa ƙafa. Ya ce in ba Shehu ya kai wa ƙanenmu Bello, wanda gonar ta koma hannunsa. Na ce ya bari mana, wataƙila in an yi masa ƙafar roba ya buƙace su. Ya ce: "Ba shi dai. Shi ka shiga gona bana, kuma gero ya kusa. Ni mi zan yi da guda biyu?"

Nan da mako uku za a fara yanka, Yallaɓai.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa aikin da kuke yi ya zama abin da za ku tarar a mizani, ya tsare ka da iyalinka daga ranar da za ku tsaya a mararraba da marar lafiya ba ku san inda za ku nufa ba. Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya sa mu ga kakar bana lafiya.

Wassalam.

Taka mai jiran amsa,
Malama Lubabatu,
Kaura Namoda.